Shagon figirin na bakin babbar kasuwar Maradi: ku bar na kwali, ku duƙa ga kwandon gwanjo

Ƴan uwa masu tara figirin, wato ƴan mutum-mutumin roba na jaruman littattafan zane, su Spider-Man da Batman da sauransu, yau kan shagon kayan wasan yaran nan na bakin babbar kasuwa zan yi magana, dan mutane sun dame ni da tambaya a WhatsApp wai kayanshi orijinal ne ko jabu. Duka biyun akwai. Sai dai mai kyan ba shi ne anka jera sama cikin kwali mai ƙyalli ba, shina ƙasa cikin wani ƙaton kwando na gwanjo wanda yawancin masu shiga ko kallonshi ba su yi. Ba zan kama sunan shagon ba dan akwai abubuwan da zan soka kuma ba ni son in taɓa ma bawan Allah kasuwa, amma mai yawo wajen ba za shi ɓata ba.

Shagon ƙarami ne, gaba kekunan yara ne da motocin batir da ɗiyan roba na ƴan mata, sai ka kutsa can ciki kake ganin namu kayan. Mai shagon wani Alhaji ne dattijo mai haƙuri, shi bai san sunan ko ɗaya ba, Spider-Man mai gizo-gizo shike ce mai, Batman jemage, Hulk kau ƙaton kore. Abin da ya sa nike komawa wajenshi guda ne, shina barin mutum ya taɓa kaya. Ka ce Alhaji in buɗe? Sai ya ce malam buɗe ka duba da kyau, ni ban san su ba ku kunka san su. Wallahi wannan kaɗai ya hi min ragin kuɗi, dan figirin kamar ragon layya ne, ba a sayenshi da ido daga nesa sai ka sa hannu ka latsa.

To mu fara da na saman kanta tunda su ke jan ido. Kwalaye ne masu taga ta roba, an rubuta S.H.Figuarts ga wasu, wasu MAFEX, hoton jarumi ya yi tsaye gwanin sha'awa, kuɗinsu jikka 8 zuwa jikka 10. Tun daga kuɗin ma ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani. S.H.Figuarts na kamfanin Bandai ne na Japan, tun 2008 suke yin shi, MAFEX kuma na Medicom Toy ne shi ma Japan, kuma na asalin can inda ake yin shi ma yakan kai jikka 30 ko hiye, ba a sa kuɗin jirgi ba ba a sa na duwan ba. Ƙaƙa za a yi abin da ke jikka 30 a Tokyo ya iso Maradi ya koma jikka 8? Kopi ne, ba wata magana. Kuma kar wani ya ce min ai an rubuta China ga kwalin shi ya sa, wannan ba hujja ba ce, na asalin ma yawanci China ake buga su, wasu Biyetnam. Bambancin ba ga ƙasar shike ba, ga irin robar da anka zuba ne da kuma ko akwai mai duba aikin kahin ya hita daga masana'anta.

Na buɗe wani Spider-Man daga cikinsu gaban Alhaji. Abu na farko wari, wani wari mai kama hanci irin na roba da mai, kuma jikin da ɗan maiƙo, in ka riƙe shi sai ka ji yatsunka sun yi santsi. Zanen saƙar gizo da ke bisa jan kayan ya kauce, ga ƙirji layin ya tahi daidai amma da ya iso kafaɗa sai ya rabu da na hannu, idon dama ya hi na hagu girma kaɗan, ga kuma ragowar roba duk gehen cinya inda rabi biyu sunka haɗu ba a goge ba. Duk wannan da sauƙi, mutum na iya haƙuri da fenti. Inda abin ya lalace gaɓoɓi ne. Na ɗaga mai hannu sama na saki sai hannun ya sauko da kanshi, gwiwar hagu kau ta ƙi lanƙwasuwa sam, wato gaɓa ɗaya ta yi sako-sako ɗaya ta ƙame, kuma ɗan tsinken wuyan hannu inda ake sauya tahin hannu siriri ne ƙwarai har shina yin fari in ka motsa shi, farin nan alama ce roba ta gaji ta kusa karyewa. Na aje shi bisa tebur in ga ko za shi tsaya da ƙafarshi, bai tsaya ba.

Gwajin da nike yi kenan ga kowane figirin kuma ba shi cin lokaci. Ka tsayar da shi ba tare da matokari ba, ka ɗaga hannu ka saki ka gani ko za shi zauna inda ka bar shi, ka riƙe shi ga ƙugu ka ɗan girgiza, in ƙafahu na lilo ka san an gama da shi. Sannan ka juya shi ka duba tahin ƙafa ko cikin cinya, na asali akwai tambari da anka buga cikin robar kanta, sunan Marvel ko DC masu mallakar jaruman da na kamfanin da ya yi da shekara, rubutun a hili tsaf. Na jabu ko dai babu, ko an kankare wajen, ko rubutun ya dushe kamar an kwafo daga wanda anka kwafo.

Akwai kuma na leda, waɗanda ake ɗaure jarumai biyar ko shida tare a saida jikka ɗaya da rabi. Su ba ni da dogon zance kansu, ba na tarawa ba ne, Superman ɗin ciki ma kore anka yi mai mayahi. Abin da zan ce kawai iyaye su kula, kawunansu da hannuwansu na cirewa da sauƙi, kar a ba yaron da bai kai shekara 3 ba dan komi baki suke kaiwa.

Yanzu kwandon. Alhaji ya ce min buhu-buhu shike sayensu, kayan wasan da yaran Turai sunka gama da su, a haɗe suke zuwa da motoci da dabbobin roba da komi, kuma tunda hanyar Kwatano ta rikice a 2023 ta Lome kayan ke biyowa shi ya sa suke daɗewa kuma kuɗin mota ya ƙaru. Sai ka duƙa ka yi ta tono, hannunka ya yi baƙi da ƙura, amma nan ne na samu figirin mafi kyau da nike da shi yanzu, Black Panther na Marvel Legends.

Ga wanda bai sani ba, Marvel Legends kamfanin Toy Biz ya fara shi a 2002, daga 2007 ya koma hannun Hasbro har yau. Tsawonsu wajen santimita 15, kuma sabo a Amurka wajen dalar Amurka 25 ake saida guda, kusan jikka 15 kenan na kuɗinmu kahin ya hau jirgi. Nawa jikka 3 na biya bayan ciniki. Ba kwali, ba sauran hannuwan sauyi da ke zuwa da shi, akwai ɗan ƙarzuwa ga diddige, amma da na ɗauke shi nauyin kaɗai ya gaya min wannan ba irin na sama ba ne.

Bari in daɗe kanshi dan ya cancanta. Baƙin figirin ya hi kowane wuyar yi, dan in aikin bai yi kyau ba sai ya zama dunƙulen baƙar roba kawai ba ka ganin komi. Shi wanga an sassaƙa mai zanen rigar cikin jikin, ƙananan layuka ga ƙirji da cinya da bayan hannu, in haske ya bugo ta gehe sai su hito ɗaya bayan ɗaya, sarƙar haƙoran wuyan an shafa mata ruwan azurfa kuma fentin bai zubo bisa baƙin ba ko ɗigo, faratan a buɗe siraran amma ba su lanƙwashe ba. Gwiwa gaɓa biyu gare ta, shi ya sa diddige ke kusan taɓa bayan cinya, gwiwar hannu ma haka, ciki na lanƙwasawa gaba da baya da ɗan ƙara ƙas ƙas wanda ke nuna haƙoran ciki ba su cinye ba, idon sawu kuma na karkata gehe, to wannan karkatar ita ce sirrin tsayuwa, ko ka buɗe mai ƙafahu sosai tahin ƙafar na kwanciya daram bisa tebur. Na durƙusar da shi irin durƙuson damisa mai shirin tsalle, hannu ɗaya ƙasa ɗaya baya, ya zauna haka bai motsa ba. Wannan abin yaro ya yi wasa da shi wata ƙasa, an jehwa shi buhu, ya sha teku ya sha hanyar mota har Maradi, kuma gaɓoɓinshi sun hi na sabon da ba a taɓa hiddawa daga kwali ba. Ni abin na taɓa min zuciya dan jarumin kanshi ina ƙaunarshi, tun 1966 Stan Lee da Jack Kirby sunka ƙirƙiro shi, sarkin wata ƙasar Afirka da ba a taɓa yi ma mulkin mallaka ba, kuma ban so in aje shi cikin sura marar kyau.

Cikin kwandon na ci karo da tsohon Wolverine na zamanin Toy Biz, tambarin na nan ƙarƙashin ƙafa. Na wancan lokacin ana gane su, gaɓoɓi sun yi musu yawa har yatsun hannu da na ƙafa na motsi, kuma suna shafa wani duhun fenti cikin lungunan tsoka dan jiki ya hito. Wasu na ganin gaɓoɓin sun ɓata musu sura, ni kau ina son su haka, akwai rai ga aikin. Shi dai wanga faratanshi sun karkace kuma ƙugun ya saki, shekara wajen ashirin ba wasa ba, duk da haka na ɗauka. Akwai kuma Batman na McFarlane Toys, su ne sunka karɓi yin jerin figirin na DC Multiverse a 2020, mai kamfanin Todd McFarlane shi kanshi mai zane ne, ya zana Spider-Man kahin ya hiddo nashi jarumin Spawn a 1992, kuma ana ganin hannun mai zane ga kayansu dan sassaƙar na da zurhi, kowace tsoka da kowane ninkin mayahi ya hito. Ku dai sani tsawonsu wajen santimita 18 ne, in ka jera shi kusa da Marvel Legends sai ya yi musu tsawo, gara ka ware mai nashi waje.

Wani abu da na lura, cikin kwandon za ka riƙa ganin ƙafa ita kaɗai ko ƙaton hannu ko gangar jiki ba kai, Alhaji ya ɗauka karyayyu ne har shina shirin zubarwa. Ba karyayyu ba ne. Tun 2005 Marvel Legends ke sa guntun wani babban figirin cikin kwalayen wasu jerin nasu, sai ka sayi jerin duka ka haɗa guntayen su ba ka ƙato guda, Galactus anka fara yi ma haka. In ka ga guntu mai tsinke ko rami mai tsabta ga bakinshi ba alamar karaya, ɗauke shi, masu tarawa na nemansu ƙwarai.

Farashin kwandon kau da girma Alhaji ke yanka shi. Manyan nan na Titan Hero masu santimita 30, su ma na Hasbro ne na asali amma dan yara anka yi su, wuya da kafaɗu da cinyoyi kawai ke motsi, su shike sa ma jikka 5, Marvel Legends da ya ninka su daraja kuma jikka 3 dan shi ƙarami ne. Na gaya mai gaskiya, na ce Alhaji ƙananan nan sun hi manyan tsada can inda sunka hito, ya yi dariya ya ce malam ni buhu na saya kuma ribata ta hito, in kai ka ga alheri Allah ya sa albarka. Ban san ko za shi sauya ba nan gaba, in ya ƙara kuɗin ma ni ba zan ji haushi ba dan haƙƙinshi ne. Titan ɗin kuma kar a rena shi, in kado za ka yi ma yaro ɗan firamare shi ya hi dacewa, shina da ƙwari ba ƙananan guntaye.

To abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na farko yaron shagon, komi ka nuna sai ya ce orijinal ne yaya, har na ledan. Ban ce da gangan shike yi ba, ƙila haka anka gaya mai, amma wanda bai sani ba za shi biya jikka 10 ya tahi gida da murna hannu ya karye mai daren nan, kuma shagon ba a maido kaya. In da za su riƙa cewa wannan kopi ne ga kuɗinshi, ba laihi, akwai mai son kopi ya aje cikin kwali dan ado kuma shi ya san abin da ya saya.

Na biyu shi ya hi ci min rai, ajiya. Rumfar kwano ce, kuma kun san Maradi watan Afrilu da Mayu zahi na wuce digiri 40, da yamma kuma rana na shigowa kai tsaye bisa kayan da ke bakin ƙofa. Hannuwa da ƙafahu da mayahin figirin yawanci da roba mai taushi ake yin su wadda ake ce ma PVC, gangar jiki kuma da mai tauri ABS. Ita mai taushin akwai wani sinadari ciki da ke sa ta laushi, in ta sha zahi ya daɗe sai ya riƙa tsattsafowa waje jikin ya yi danƙo, ƙura ta manne, ƙafa ta lanƙwashe saboda nauyin da ke kanta. Rana kuma na cinye kala, ja ya koma ruwan hoda, fari da roba mai gani-har-hanji su koma ɗorawa, shi wannan da wuya a gyara shi. Na ga wani Captain America mai kyau na asali da rana ta cinye ma rabin jiki, gehe ɗaya shuɗi gehe ɗaya toka-toka, wallahi sai da na ji ba daɗi. Na roƙi Alhaji ya kauda kwandon daga inda rana ke bugawa ya ruhe shi da zane, ya ce to, Allah ya sa a yi.

In kun sayo na gwanjo ga yadda nike yi. Ruwa mai ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a wanke a shanya inuwa. Ƙafar da ta karkace ko gaɓar da ta ƙame kar a tilasta, a tsoma cikin ruwan zahi wanda bai tafasa ba kamar minti ɗaya, roba ta yi laushi a miƙe ta a sa cikin ruwan sanyi sai ta zauna, haka na gyara faratan Wolverine ɗin nan sunka miƙe. Lokacin hunturu a ƙara kula dan sanyin sahe na sa roba ta yi tauri, nan ne tsinken wuyan hannu ke karyewa, a ɗumama kahin a sauya hannu. Kar a kusanto da fetur ko ruwan goge jan farce, suna cire fenti har su ci robar, kuma kar a ɗiga sufa gulu cikin gaɓar da ta yi sako-sako, tana iya ƙamewa har abada. Ƙurar hunturu kau ba abin da ke tare ta sai bitirin mai gilashi, ni wani kafinta ya yi min ƙarama, nesa da taga, ina share su da buroshin kwalliya na mata.

Na san akwai mai cewa mutum-mutumi cikin gida fa? Tambaya ce mai nauyi kuma ban ɗauke ta wasa ba, malamai sun yi magana kan surori kuma sun yi magana kan kayan wasan yara, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ni dai nawa ba su ɗakin da nike salla, kuma bitirin ɗin akwai labule.

Masu tambaya ko akwai Hot Toys, manyan nan na Hong Kong masu santimita 30 da tufahin yadi na gaske da huska kamar ta ɗan wasan, babu, kuma ban ga laihin Alhaji ba dan guda na wuce dalar Amurka 200, wa za shi saya nan. Wanda ke so sai dai ya yi oda ta hannun mai zuwa waje.

Shagon dai ina ba kowa shawara ya je, amma ya je da lokacinshi ba a gaggauce ba, gara da sahe kahin rana ta taso da cunkoson kasuwa, ya wuce kwalayen sama ya duƙa ga kwando, ya duba tambari ya gwada gaɓa, kuma ya yi ciniki cikin mutunci dan dattijon mutumin kirki ne. Ya ce min shina jiran sabon buhu kahin salla. Sannan in akwai wanda ke da hannuwan sauyi na Black Panther ɗin nan, masu dunƙule, ko matokarin baƙi mai zagaye na McFarlane da bai amfani da shi, ya yi min magana mu yi musaya, ina da ƙaton hannun hagu na haɗi da na tsinto cikin kwandon wanda har yanzu ba ni da sauran jikinshi.